Ɗan ƙanena ya ci bak, ya ce karatun kiɗa zai yi, sai gida ya rikice

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka kai da ma'aikatanka, Allah shi ƙara basira. Ni tsohon mushe ne a nan Maradi, na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da yara a lakkwal kahin in aje alli, kuma ban taɓa rubuto maku ba sai yau da wata magana ta cikin gida ta hana ni barci, na ga kuma ba tamu ce mu kaɗai ba, shi ya sa na ce bari in kawo ta gabanku ko masu karatu za su sa baki.

Ɗan ƙanena ne ya ci bak, wato jarabawar gama sakandare, muna ta murna ana ta barka, uban har ya gama lissahi yaro zai karanta kasuwanci ya dawo ya riƙe mashi shago, ranan bayan sallar isha'i muna zaune a ƙohwar gida sai yaron ya durƙusa ya ce shi hwa Bamako yake son tahiya, wai akwai wata babbar makaranta can da ake karatun kiɗa har a ba mutum diflom. Wallahi Malam Edita da ka ga huskar ƙanena sai ka ce an aiko mashi da saƙon mutuwa. Ya dube ni ya ce Yaya kana jin abin da ɗanka ke cewa, mu da Allah ya raba mu da roƙo shi ne zai maida mu ciki da kuɗɗina? Ni dai ban ce ƙala ba a daren, don maganar ta taɓa ni a wani wuri da na daɗe ina ɓoyo.

Gaskiyar ita ce mu ɗiyan makaɗa ne. Kakanmu kalangu yake kaɗa ma mahauta, babanmu ma haka, kuma ni da na shiga lakkwal babu abin da na tsana irin a ce mani ɗan makaɗi, har faɗa na sha yi a kan haka. Na zama mushe na sa riga da wando na yi kamar ban san mi ake ce ma gula ba. Yanzu a duk zuri'armu mutum guda ya rage da ya san abin da gaske, baffanmu ƙanen babanmu, ya tsuhwa ƙwarai ido ya yi rauni amma hannun na nan, kuma ashe wajenshi yaron ga ke laɓaɓawa tun yana ƙarami ba mu sani ba, tsohon na koya mashi take ɗaya bayan ɗaya, shi kuma da dare ya tahi situdiyon abokanshi yana haɗa sauti da kwamfuta. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrahe.

To sai na zauna na binciki makarantar da kaina, don ban son in hana yaro abin da ban sani ba, kuma abin da na gano shi ne dalilin wasiƙar ga.

Makarantar sunanta Conservatoire des Arts et Métiers Multimédia Balla Fasséké Kouyaté, tana Bamako bisa tudun da suke ce ma Point G, an buɗe ta a 2004, ta gwamnatin Mali ce kuma babbar makaranta ce wadda sai ka ci bak sannan ka yi jarabawar shiga, ba wurin da ake tara zauna-gari-banza ba ne kamar yadda ƙanena ya ɗauka. Ana koyar da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da zane da aikin hoto da sauti na kwamfuta. Wanda ya fara shugabantarta Abdoulaye Konaté, mai zane ne da duniya ta san aikinshi, a Havana ta ƙasar Kuba ya yi karatu. Amma ni abin da ya tsaida ni ba wannan ba ne, sunan da suka sa mata ne. Balla Fasséké Kouyaté ba minista ba ne ba janar ba ne, maroƙi ne, shi ne makaɗin Sunjata Keita wanda ya kahwa daular Mali a ƙarni na 13, su can suna ce ma irinsu jeli. A labarin da suke bayarwa sarkin Sosso Sumaworo Kante ya riƙe shi a wurinshi, ya shiga ɗakin asirin sarkin ya tarar da balafon, wani abin kiɗa na katako, ya hau kaɗawa, sarki ya zo zai kashe shi sai ya juya ya wasa shi har zuciyarshi ta yi sanyi. Wancan balafon da suke ce ma Sosso Bala har gobe zuri'ar Kouyaté na riƙe da shi a garin Niagassola cikin ƙasar Gine, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2001. To ka duba Malam Edita, ƙasa ta gina babbar makaranta ta ɗauki sunan maroƙi ta manna a ƙohwa, yaro ɗan jeli ya wuce ta nan kullum yana karanta sunan kakanshi, mu kuma nan ni da ke da ilimin boko na yi shekara hamsin ina jin kunyar sunan nawa kakan.

Kuma ba daga sama abin ya faɗo masu ba. Tun zamanin Nasara, a 1933, akwai wani gidan koyon sana'o'in hannu a Bamako, bayan sun samu 'yanci aka maida shi Institut National des Arts a 1963 aka shigo da kiɗa da wasan kwaikwayo. Modibo Keita, shugaban Mali na farko, ya kahwa ƙungiyar makaɗan gargajiya ta ƙasa a 1961, ya tattaro manyan jeli ya sa su cikin albashi, cikinsu har da Sidiki Diabaté mai kaɗa kora, wani abin kiɗa mai tsarkiyoyi da yawa, sannan a 1964 ya tura samari Kuba su koyo kiɗa a makaranta, cikinsu akwai Boncana Maïga ɗan Gao wanda duk mai sauraren rediyo a yankin ga ya san sunanshi. Habib Koité mai gita ɗan gidan jeli ne, a waccan Institut ɗin ya gama a 1982 har ya koyar a cikinta. Wato shekara arba'in suna gini kahin su kai ga babbar makarantar ta 2004, kuma da aka buɗe ta ba su ce sai mai dokta zai shiga aji ba, Toumani Diabaté ɗan Sidiki, wanda a gida ya tashi ya tarar da kora ba a lakkwal ba, ya koyar a can. Mutumin nan ya ci babbar kyautar kiɗa ta Grammy tare da Ali Farka Touré a 2006, ya rasu a watan Yulin 2024, Allah shi jiƙan musulmi. Wanga wuri shi ne ya fi burge ni, a ce ilimin da ke hannun tsoho an yarda ilimi ne ko da tsohon ba shi da takarda.

Ita kanta kalmar conservatoire ɗin na bi sawunta don mu da muka yi faransanci muna faɗinta ba mu san tushenta ba. Asalinta daga Italiya ne, a birnin Napoli a ƙarni na 16 akwai gidajen marayu da ake ce ma conservatorio, ma'ana wurin adanawa, yaran ake adanawa ba kiɗan ba, sai aka riƙa koya masu waƙa da kiɗa don su samu abin yi, suna zuwa rera waƙa a coci da wajen jana'iza ana biyan gidan, a hankali gidajen marayun suka rikiɗe suka zama makarantun da Turai duka ke zuwa neman gwanaye. Ta Paris kuma da kowa ke kwaikwayo an kahwa ta a 1795 ana tsakiyar juyin juya hali, wani hafsa Bernard Sarrette ya assasa ta daga makarantar 'yan badujalar soja, buƙatarsu a lokacin masu busa da kiɗa don fareti da bukukuwan gwamnati, karatu kyauta amma sai ka ci jarabawa. Na kawo wannan ne don masu cewa karatun kiɗa abin 'yan gata ne na ƙasashen da suka ƙoshi, ai da marayu da sojoji aka fara, kuma aikin farko adanawa ne.

Ba wai mu a Nijar ba mu taɓa yunƙurawa ba, kada a ce na zo ina yabon gonar wani. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙirƙiro gasar Dan Gourmou da sunan makaɗin nan na Tawa, kuma wajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai da tallahin Turai aka sa mata sunan Elhaji Taya, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kiɗan zamani a ƙasar ga. Cibiyar ta tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilunmu, kuma su Yacouba Moumouni da Sa'adu Bori da Moussa Poussy duk sun ratsa ta nan. Labarin da ya fi nuna amfaninta a wajena shi ne na Malam Mamman Barka, shi ma mushe ne irina kahin ya koma ma gurmi, ɗan Tesker. Akwai wani abin kiɗa na Buduma masunta na tabkin Cadi da ake ce ma biram, tsarkiya biyar gare shi, siffarshi kamar kwalekwale, ya zamana saura dattijo guda da ya iya shi mai suna Boukar Tar. A 2002 Barka ya samu tallahin UNESCO ya tahi can ya zauna gaban tsohon kamar almajiri ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinshi, daga baya Barka ya zagaya duniya da shi har Allah ya yi mashi rasuwa a 2018. Da Barka ya yi jinkiri kaɗan da yanzu biram sai dai a gidan tarihi a rataye kamar ƙwarya. To tsohhi nawa ne irin Boukar Tar a tsakanin Maradi da Tibiri da Tasawa da Madarunfa da babu wani Barka da zai zo masu?

Don jama'a su gane abin da nake nuhi, kiɗan Hausa ba amo ba ne kawai, magana ce. Harshenmu na da karin sama da na ƙasa, shi ya sa kalangu ke iya magana, makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau ya saki ya sauka, wanda ya san take ya ji an kira sunan kakanshi ba tare da an buɗe baki ba. Baffanmu in ya ɗauki kalangu zai kaɗa maka taken gidan mahauta kaza ya gaya maka daga ina suka zo, wa ya haihi wa, wane ne ya yi sarkin fawa zamanin wane sarki, abin da ba shi cikin kowane littahi. Haka tambarin fada da kakaki da algaita, kowane na da lokacinshi da wanda ake yi mawa, kuma masarautar ga tamu da Katsinawa suka kahwa bayan jihadi, tarihin su Dan Kasawa da Dan Baskore da yawa a bakin makaɗan fada ya tsira. Ga gangar noma da ake yi ma manoma a gayya, ga garayar mahalba, ga kiɗan maƙera, ga shantu da kiɗan ƙwarya na mata, ga na kokowa, wanda duk ya taɓa shiga filin kokowa na Kantu a nan garin ya san in babu makaɗa to babu kokowa, ƙato na tsaye shiru sai an taɓa takenshi ka ga tsikar jikinshi ta tashi. Yau je ka gidan biki ka gani, piyano guda da lasifika da yaro mai kwamfuta sun maye gurbin mutum goma, ban ce haramun ba ne kuma ban ce ba daɗi, amma piyanon ga bai san sunan kakan kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don garinmu garin malamai ne kuma ni ma ba na wasa da sallata. Za a ce kiɗa shagala ne, za a kawo abin da ake gani a gidajen gala da bidiyoyin da ke yawo a TikTok. Ni ba malamin fiƙihu ba ne ba zan yi fatawa ba, malamai sun yi saɓani a kan mas'alar tun kahin a haihe mu kuma na bar masu. Abin da nake cewa kawai, rashin makaranta bai hana yaranmu kiɗa ba, suna nan suna yi a lungu, ba mai gyara masu harshe ba mai nuna masu mi ya dace mi bai dace ba, sai kwaikwayon Indiya da Legas. Hanawar ba ta kashe na banza ba, na kirkin ta kashe, don tsohon da ke da kunya shi ne ya aje ganga da aka ce mashi ya tuba, mara kunyar ya ci gaba da abinshi. Kuma ko waƙoƙin wa'azi da na bege da muke ji a masallatai da makarantun allo ai da ma'auni aka gina su, malaman da suka rubuta su sun karanci aruli, wannan ma ilimin sauti ne.

Sai dai in faɗi tsorona game da irin waɗannan makarantu, don kada a ce na rufe ido. In aka ɗauko tsarin Paris aka dire shi a nan yadda yake, za a samu yara masu karanta solfej, wato rubutun kiɗan Turai, suna kaɗa piyano da kyau amma ba su iya ɗaure kalangu ba, su dawo suna rena baffanmu kamar yadda ni na rena shi da na koyi faransanci, an koma gidan jiya ke nan. Rubutun kiɗan Turai an yi shi don kayan Turai, goge na da wasu muryoyi da ke faɗawa tsakanin maɓallan piyano, in ka tilasta mashi sai ka ji ya zama wani abu daban. A koyi solfej ɗin ba laihi, haruffa ne kamar abacada, amma a ajin farko yaro ya san icen da ake sassaƙa kango da shi, ya san yadda ake jeme fata a ɗaura, ya san dalilin da ya sa ake sa ma goge izgar doki, ya zauna ƙasa gaban mai abin. Sannan a koya mashi naɗar sauti da adana shi, da haƙƙin mai waƙa, don makaɗanmu da yawa sun mutu ba su da ko buhun hatsi alhali kasusuwansu na cike da kasuwa.

Roƙona ga hukumomi ba babba ba ne. Ban ce a gina mana irin ta Bamako gobe ba, na san halin da aljihun gwamnati ke ciki. Muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan, ta yi suna wajen kimiyya da noma da likita, mi zai hana a buɗe ɗan sashe ko da ɗaki biyu ne na nazarin kiɗa da waƙar Hausa, a ɗauko tsohhin makaɗa a riƙa biyansu kamar yadda ake biyan duk malamin da ke zuwa ba da darasi, ɗalibai su naɗa su rubuta su fassara take. Ko kuma cibiyar Taya ta yi reshe a gidan matasa na Maradi. Tunda kuma yanzu mu da Mali da Burkina mun haɗa kai cikin ƙawancen ƙasashen Sahel na AES tun 2023, to haɗin kan kada ya tsaya ga sojoji da fasfo, a nema ma yaranmu gurabe da bursi a makarantar Bamako, su ma su turo nasu su ga kakaki da algaita. Su kuma alhazan garin ga da Allah ya buɗa mawa, waɗanda in makaɗi ya wasa su a biki suke liƙa mashi jikkuna a goshi, kuɗɗin dare guda ya isa a sayi na'urar naɗar sauti mai kyau.

Ni ma ban wanke kaina ba. Shekara talatin ina koya ma ɗiyan mutane waƙoƙin faransanci na yara a aji, ban taɓa ɗaukar kaye da biro na zauna gaban babana na ce gaya mani taken gidan wane ba, har ya koma ga Allah da abinshi. Sai yanzu da furfura nake zuwa wajen baffa duk ranar Juma'a bayan la'asar, yaron na riƙe da salula yana naɗa ni ina rubutawa, tsohon na yi mani dariya wai mushe ya dawo aji ɗaya. Mun kai take ashirin da bakwai, ya ce ko rabi ba mu yi ba, kuma wani lokaci sai ya ɗaga gula ya tsaya shiru ya ce wannan ya ɓace mani, yayana ne ya san shi.

Maganar Bamako kuwa har yanzu ba a gama ba, ƙanena ya ɗan sauko daga inda yake amma ya ce shi ba zai sa ko dala ba, uwar yaron kuma tsoron hanya take ji da yadda tsaro ya lalace, ni ma ban ga laihinta ba. Na ce ma yaron ya fara rijista a nan kada shekara ta wuce shi, mu ci gaba da zuwa wajen baffa, in ya so mu ga abin da Allah zai yi. In akwai wani cikin masu karanta jaridar ga da ya yi karatu a waccan makaranta ko ɗanshi ke can, don Allah ya rubuto ta hannunka Malam Edita ya bayyana mana yadda jarabawar shiga take da abin da zama can ke ci a wata.

Na gode, a huta lahiya.

Naka,
wani tsohon mushe,
unguwar Bagalam, Maradi